Ciwo Ɗaya, Suna Shida

 

Duk wanda ya taɓa bin titin Zariya daga Kano, ya wuce Kwanar Dawaki, ya haye gadar Tamburawa, ya miƙa ta Karfi da Kura har Kwanar Gafan, ya san yankinmu kore yake ko a tsakiyar bazara. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin kanal yana ratsa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Damina shinkafa, rani kuma alkama da tumatir da albasa da masara. Mu mutanen Dawakin Kudu maƙwabta ne, 'yan matanmu suna aure a can, samarinmu suna ƙwadago a can. Ruwan ya kawo mana rufin asiri, ya kuma kawo mana sauron da ba ya zuwa hutu. Shi ya sa a wajenmu ba a jiran gwaji kafin a raɗa wa zazzaɓi suna. Jiki ya yi zafi, maleriya ce. Ya ƙi sauka, taifot ne. Kuma gaskiya sau da yawa hakan ne.

Abin da nake son mu duba yau shi ne lokacin da ba hakan ba ne. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira lufus, a takardun asibiti za ku ga an rubuta SLE, wanda ba ya bayyana gaba ɗaya. Guntu-guntu yake zuwa, bana ya taɓa gaɓɓai, baɗi ya taɓa fata, can gaba ya taɓa juna biyu. Kowane guntu kuma akwai sunan da muka riga muka tanadar masa, da mai maganin da muka saba kai wa. Kafin a gane abu ɗaya ne, sau da yawa ya riga ya kai ga ƙwaƙwalwa ko jijiyoyin jini, inda ɓarnarsa ba ta cika gyaruwa ba. Na san wannan ne ta kan ɗiyar kawuna, wadda muka tashi gida ɗaya, ƙanwata ce ta kowace fuska. Shekara 8 ta yi tana fama da ciwo ɗaya, aka raɗa masa suna shida.

Tana da shekara 18 aka kai ta wani ƙauye a ƙasar Bunkure, gidan manoma. Matan gidan sana'arsu turara shinkafa, a jiƙa, a turara, a shanya a rana, a kai inji. Tun ranin farko zazzaɓi ya fara kama ta, ya yi sati ya sake ta, ya sake dawowa. Allurar maleriya ta sha ta ba adadi, da ƙarin ruwa a kemis, daga baya aka koma maganin taifot. Suna na farko ke nan. Sai gaɓɓan yatsunta da wuyan hannunta suka fara kumbura, da safe ba ta iya dunƙule hannu sai rana ta ɗaga. Aka ce sanyi ne, mace mai wuni da hannu cikin ruwa ai dole. Wani mai kemis ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi farare, cikin kwana biyu ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙaya, kumatunta suka ciko, mata suna cewa aure ya karɓe ta. Da ƙwayar ta ƙare, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Daga baya muka ji sunan ƙwayar a bakin likita, firednisolon, dangin waɗanda 'yan mata ke sha don ƙiba, da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe.

Suna na uku ya fi ɓata mata rai. Duk ranar da ta wuni a wurin shanya, washegari sai kumatunta biyu da karan hancinta su yi duhu, su yi kaushi, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai a kan fuskarta. Matan unguwa suka ce bilicin ne ya ƙona ta, alhali ko man shafawa mai tsada ba ta taɓa saya ba. Gashin gaban kanta ya riƙa zuba, aka ce kitso ne ya ci shi. A dasashinta na sama akwai wasu ƙananan gyambuna marasa zafi, waɗannan kam ba wanda ya ma lura da su.

Sai maganar haihuwa. Cikin farko ya zube yana wata uku. Na biyu yana wata biyar. Na uku ya kai wata bakwai, ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau, ɗan ya daina motsi, aka haife shi babu rai. Nan aka ce wabi take yi, aka shiga jiƙe-jiƙe da ɗaure-ɗaure a ƙugu. A tsakanin nan mijinta ya ƙaro aure, kamar yadda kowa ya yi tsammani.

Watanni kaɗan bayan cikin na uku barci ya ƙaurace mata. Ta fara jin ana kiran sunanta da dare, tana amsa wa mutanen da ba kowa ke ganin su ba, tana manta ta ɗora tukunya. Rannan ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, haƙoranta a datse. Aka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, bayan makonni ta dawo hayyacinta, kowa ya ce to ga shi nan. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne ɗabi'ar wannan ciwo ke nan, ya taso ya kwanta, ko an yi magani ko ba a yi ba. Tun daga ranar kuma idanu suka koma kan amarya.

Suna na shida ya zo tana da shekara 26. Da hantsi tana tankaɗe, rariya ta suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace, ta buɗe baki za ta yi magana kalma ta ƙi fita. Manya suka ce jifanta aka yi, don a saninsu shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. Ƙanin mijinta, wanda ke kai tumatir kasuwar 'Yan Kaba, shi ya ce a sa ta a mota, in ma jifa ne a yi addu'ar a hanya. Haka aka kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mu kuma muka tarar da su a can, ni da mahaifiyarta.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wata jijiyar jini ta toshe a ɓangaren hagu, wanda shi ke sarrafa hannu da ƙafar dama, da magana a wurin yawancin mutane. Amma likitar da ta karɓe ta ba ta tsaya nan ba. Ta ɗage mata ɗankwali, ta duba cikin bakinta da fitila, ta juya yatsunta, sannan ta dubi Inna.

"Mama, tun yaushe gashin nan ya fara zuba?"

"Likita, ai ba gashi ne ya kawo mu ba."

"Na sani Mama. Ciki nawa ta yi? Wata nawa-nawa suka zube? Ta taɓa faɗuwa? In ta shiga rana me ke faruwa da fuskarta?"

Inna mace ce da ba ta zubar da takarda, ko da ba ta iya karanta boko ba. Duk katin asibiti da kwalin magani da takardar awo na shekarun nan suna cikin wata leda a ƙasan kwallarta a Dawakin Kudu. Washegari na je na ɗauko. Likitar ta baje su a kan tebur, ta jera su shekara-shekara, ni ina cike mata abin da takarda ba ta faɗa ba. Sannan ta rubuta gwaje-gwaje. Fitsari ya nuna ƙoda na yoyon furotin, ƙwayoyin jini sun ragu, gwajin da ake kira ANA ya nuna, haka wasu da suka biyo bayansa. A sati na biyu aka kira mu aka ce lufus ne, kuma duk abubuwan nan shida reshensa ne.

To mene ne shi? Kowa ya san Allah Ya yi wa jiki garkuwa, sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A lufus, sojojin nan ne ke rikicewa su juya kan jikin da suke gadi, kamar 'yan sintirin da aka ɗauka tsaron unguwa su koma fasa gidajen unguwar. Fata, gaɓɓai, ƙoda, huhu, zuciya, jini, ƙwaƙwalwa, ba inda ba sa iya shiga. Ba a ɗaukar sa daga wani, ba kansa ba ne, yakan dai bi jinin dangi a wasu gidaje. A cikin mutum 10 masu shi, kusan 9 mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato daidai shekarun aure da haihuwa. Sunan daga Latinanci yake, ma'anarsa kyarkeci, domin likitocin da suna ganin mikin fuskar kamar cizon dabba. Wani likitan Faransa, Cazenave, shi ya yi amfani da sunan da ya zama na yanzu a 1851, sannan a 1872 Moritz Kaposi a birnin Biyana ya nuna cewa ciwon ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana shiga cikin jiki har ya yi kisa.

Yadda yake kai wa ga ƙwaƙwalwa kuwa, ɗan yankinmu zai fi kowa saurin ganewa. Jijiyoyin jini kamar kanal suke, akwai babba, akwai ƙanana da suka rabu daga gare shi, har zuwa 'yar hanyar da ke shiga kowane fangali. In wani wuri ya toshe, duk fangalin da ke bayansa zai bushe. Bambancin kawai, tumatir na iya jure kwanaki, ƙwaƙwalwa kuwa cikin mintuna take fara mutuwa.

Hanya ta farko ita ce daskarewar jini. Kusan ɗaya cikin uku na masu lufus suna da wasu sojoji na musamman a jininsu da ke sa jini saurin yin guda. A 1983 wani likita a Landan, Graham Hughes, ya haɗa abubuwa uku da ake gani a warwatse, wato gudan jini, da yawan ɓari, da ciwon ƙwaƙwalwa, ya nuna tushensu ɗaya. Har yau wasu na kiran abin ciwon Hughes. In gudan ya tsaya a jijiyar ƙafa, ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi. In ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe, mutum na iya mutuwa nan take. In ya tsaya a mabiyiya, ɗan da ke ciki ya rasa abinci da iska. In ya tsaya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Wato abin da ya ɗauke 'ya'yan ƙanwata shi ne ya dawo ya kama hannunta. Ba a tabbatar da wannan sai gwajin ya nuna sau biyu, da tazarar aƙalla sati 12 a tsakani.

Hanya ta biyu ita ce kumburi. Sojojin da sinadaran da suke saki suna iya rikita ita kanta ƙwaƙwalwar ko da jijiya ba ta toshe ba, sai a ga jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ruɗewa, ko gane-gane da jiye-jiye, ko baƙin ciki mai nauyi, ko mantuwa. In laka suka kama, ƙafafu biyu su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa. In jijiyoyin hannu da ƙafa ne, mutum ya riƙa jin kamar kiyashi na bin sa, ko tafin ƙafa ya dinga zafi kamar an taka garwashi. A 1999 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta lissafa siffofi 19 da lufus ke bayyana da su a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tunani. Ku duba da kyau, da yawa daga cikinsu a wurinmu sunansu ɗaya ne, iska.

Akwai wasu hanyoyin. Tun 1924 likitoci biyu a New York, Libman da Sacks, suka bayyana wasu 'yan tsiro da ke fitowa a ƙofofin zuciya, waɗanda ke iya ɓallewa su bi jini su toshe ƙwaƙwalwa. Ƙodar da ta taɓu tana haifar da hawan jini, shi kuma yana iya fasa jijiya. Sannan kumburin shekara da shekaru yana tsufar da jijiyoyi da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997 ya samu cewa mata masu lufus 'yan shekara 35 zuwa 44 sun ninka sa'o'insu fiye da sau 50 wajen haɗarin bugun zuciya. Har a yatsu ana ganin alamar, lokacin hunturu in an sa hannu a ruwan sanyi, sai yatsun su koɗe su yi toka-toka, su mutu, sannan su dawo da zugi.

Kada wani ya karanta wannan ya firgita. Yawancin zazzaɓin yankinmu maleriya ne da gaske, yawancin ɓari ba lufus ba ne, ciwon kai shi kaɗai kuma ba ya nuna komai. Ko gwajin ANA ɗin, kusan duk mai lufus yana nuna masa, amma akwai masu lafiya garau da shi ma yake nuna musu. Har mai lufus ɗin in ta rikice, sai likita ya fara kore sanƙarau da maleriyar da ta hau kai da illar magani, domin firednisolon mai yawa shi kansa yana iya taɓa hankali. Abin da ke tona asirin ciwon shi ne taruwar alamu a jikin mutum ɗaya cikin shekaru. Wannan kuwa ba na'urar da ke ganin sa, sai an samu mai ba da labarin tiryan-tiryan, da mai haƙurin saurare.

An daɗe ana cewa lufus ba ciwon Afirka ta Yamma ba ne, duk da cewa a Amurka da Ingila baƙaƙen mata sun fi farare kamuwa da shi, kuma ya fi yi musu tsanani. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, kafin ya koma Zariya ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ya lura irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a asibitinsu, ya kawo ra'ayin cewa wataƙila yawan maleriya ne ke danne su. Amma da aka fara samun ƙwararru masu neman ciwon, sai aka fara ganin sa. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da abokin aikinsa suka wallafa rahoton masu lufus 66 daga cikin marasa lafiya 1,250 da suka gani a asibitin gaɓɓai a Legas. Idan ciwo na zuwa da zazzaɓi a ƙasar da kowane zazzaɓi maleriya ne, ba mamaki a ce babu shi. Ni dai nakan tuna matan da aka ce iska ta tafi da su, ko suka rasu a kan gwiwa bayan ɓari uku huɗu, ba a taɓa ɗibar jininsu ba.

Ba a warkewa daga lufus kwata-kwata, amma ana danne shi a rayu da shi. A shekarun 1950 kusan rabin waɗanda aka gano suna da shi ba sa wuce shekara 4 zuwa 5. Marubuciyar nan ta Amurka, Flannery O'Connor, shi ya kashe mahaifinta a 1941, ita ma ya kama ta tana da shekara ashirin da 'yan kai, ta koma gonar mahaifiyarta tana dogara sanduna, tana kiwon ɗawisu, tana rubutu kullum safiya har ta rasu a 1964 tana da shekara 39. Yau a ƙasashen da ake gano shi da wuri, fiye da 90 cikin 100 suna wuce shekara 10. Magungunan da suka kawo wannan sauyi yawancinsu akwai su a Kano.

Babba a cikinsu zai ba ku mamaki, ƙanwar kulorokwin ce, wadda muka sha muka yi ƙaiƙayi muna yara, kafin Nijeriya ta sauya maganin maleriya a 2005. Sunanta haidiroksikulorokwin, wasu sun fi sanin ta da Plaquenil. Tana rage tashin ciwon, tana rage haɗarin gudan jini, mai ciki ma tana sha, sai dai ana duba ido lokaci-lokaci don takan taɓa shi in an daɗe. Da korona ta zo a 2020 aka yi ta yayata cewa ita ce maganinta, masu lafiya suka wawashe ta, masu lufus a ƙasashe da dama suka shiga neman ta ido rufe. Firednisolon ma ana bayarwa, amma da awo, ana ragewa a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya. Ga ƙoda ko ƙwaƙwalwa akwai masu ƙarfi da ake bayarwa a asibiti. Wadda ta taɓa yin gudan jini kuma akan ɗora ta kan wafarin, mai tsinka jini.

A nan ne rayuwar ƙauye ke karo da takardar likita. An ce ta guji rana, domin haskenta na tayar da ciwon, ita kuwa sana'ar gidansu shanya ce. Mai shan wafarin sai ana auna jininta a kai a kai, wato kuɗin mota daga ƙasar Bunkure zuwa Kano, da wuni guda, ko ana tsakiyar dashe. Ganye irin su zogale da alayyahu suna rage masa ƙarfi, ba a hana ci ba, amma kada yau a ci kwano guda gobe a daina. Ba ta haɗa shi da magungunan ciwon jiki na kemis, ba ta shan jiƙo ba da sanin likita ba, an ce ta kiyayi Septrin. Ƙwayar tazarar haihuwa ta yau da kullum an hana ta, domin tana ƙara haɗarin gudan jini, aka zaɓa mata wata hanyar. Mijinta ya sayar da shinkafar da ya ajiye don jiran farashi, shekara biyu a jere.

Maganarta ta dawo a hankali cikin watanni, da gashin ƙashi da motsa jiki. Tana tafiya, tana ɗan jan ƙafar dama, hannun kuma bai koma yin kitso ba. Bayan ciwon ya lafa na tsawon lokaci, likitoci suka amince ta ɗauki ciki. Suka cire wafarin don yana illata ɗan tayi, suka mayar da ita kan allurar hefarin kullum da ƙaramin asfirin. Ta haifi 'ya mace a wata na takwas, yanzu yarinyar tana gudu a tsakar gida. Amarya kuwa, wadda ta yi wata huɗu a gidan iyayenta saboda maganganu, ta dawo ɗakinta, ita ke tuna wa uwargidan lokacin magani. Har yau a cikin waɗanda suka nuna ta da yatsa ba wanda ya je ya ce mata yi haƙuri.

Wannan ɓangaren ya shafe mu, mu masu rubuta labari. In jarumarmu ta faɗi tana jijjiga, ko cikinta ya yi ta zubewa, shafi na gaba yawanci kishiya ce a gaban boka. Matan da ke karanta mu a ɗakunansu suna ɗaukar wannan a matsayin yadda duniya take. Ba na musun akwai sihiri, kuma ba wanda ya ce a bar addu'a, mu ma ba mu bari ba ko a gadon asibiti. Addini bai hana neman magani ba. Amma akwai matan da abin da ke damun su yana cikin jininsu, ana iya auna shi, ana iya danne shi, su ma sun cancanci su ga kansu a labari.

Ga abin da nake roƙo a riƙe. In bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da yarinya ce 'yar shekara 20, ko da abin ya wuce bayan mintuna, a tafi babban asibiti a lokacin, kada a jira gobe, domin awannin farko su ne komai. In mutum na jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a janye wuta da ruwa daga kusa, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai, in ta wuce minti 5 a ɗauke shi. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a yi mata tausa ko gashi, ana iya ɓallo gudan ya tafi huhu. Mace mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ga ciwon gaɓɓai, ga zubar gashi ko duhun fuska bayan shiga rana, ko wadda ta yi ɓari a jere, ko ɗa ya mutu a cikinta bayan ya girma, ta nemi a auna fitsarinta da jininta, kuma ta buɗe baki ta tambaya, "Likita, ko lufus ne?" Tambaya ba raini ba ce.

Sannan duk gidan da ke da mai ciwon da ke tafiya yana dawowa, a samu littafi ɗan sittin a ba wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami. A rubuta wata da shekara, abin da ya faru, maganin da aka sha, ciki nawa da watan da ya zube. A adana kati da kwalin magani. Ranar ganin likita a faɗi komai, har da abin da ake jin nauyinsa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muka iya riƙe alƙalami, wannan aikin bai fi ƙarfinmu ba, kuma yana iya rage wa wata shekarun wahala. Ranar 10 ga Mayu ta kowace shekara ce aka ware a duniya don tunawa da masu wannan ciwo, in ta zagayo ku tuna da matan yankinmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wani makon in muna da rabo.